Ambulan na Bakwai

Litinin, 4 ga Satumba

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da maigidan. Yaya gwiwar nan taki? Rabona da ke tun rasuwar Kaka, shekara shida ke nan, kuma ranar ma da ƙyar kike taka dokin ƙofa. Mu nan lafiya lau, sai matata da ke fama da haƙori, ita ma da sauƙi.

Kada ki tsaya juya takarda kina neman wane ne. Auta ne, ɗan Kafinta, jikan ƙanwar kakarki, wanda kika sha goyawa in kin zo hutu gidanmu, har kike cewa ban da nauyi ba abin da na iya. Na san zumunta a ƙafa take, ni kuwa tawa ƙafar ta gaza. Ba ni da lambarki, shi ya sa na ba direban da ke kawo mana katako takardar nan, ya ce ya san layinku.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, buƙata ce ta tashe ni. Shagon Baba yana nema ya fita daga hannuna. Mu biyar muka gaji filin, ni kaɗai na gaji zarto. Yayyena huɗu sun zauna sun yanke cewa in shekarar nan ta ƙare shago bai kama aikin kirki ba, a sayar a raba. Ban ga laifinsu sosai ba. Wata uku ke nan daga gyaran ƙafar kujera sai ƙyauren kaji. Tsoho, wanda ya yi wa Baba aiki shekara talatin, kullum zai zo ya share wuri, ya wasa zarto, ya zauna muna kallon titi.

To, hedimastan makarantar da ke bayanmu ya ce ofishinku na hukumar ilimi yana neman wanda zai yi bencin ɗalibai mai haɗe da tebur, guda ɗari uku. Yaya, na ga waɗanda aka kawo musu bara. Ɗanyen katako ne aka shafe da fenti, kafin zango ya ƙare sun banƙare, yara suna rubutu a kan cinya. Ni da Tsoho za mu yi wanda jikan ɗalibi zai zo ya tarar.

An ce ke ce akawun sashen saye-saye. Da ɗan gari akan ci gari. Don Allah ki saka mini baki.

Ƙanenki,
Auta

*

Lahadi, 10 ga Satumba

Auta,

Na amsa sallama. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta, ita ke faɗa mini ranar da za a yi ruwa. A gaida matarka da jiki, ta je a cire haƙorin ta huta. Na gane ka tun daga rubutun, irin na Baba ne, kamar kaza ta bi ta kan yashi.

Shekara shida shiru, sai da benci ɗari uku ya fito aka tuna da gwiwata. Ba komai, na ji daɗin wasiƙar duk da haka.

Baki kam ba zan saka maka ba. Ba ni da shi, da ina da shi ma ba zan saka ba. Shekarata ashirin da bakwai a ofishin nan, saura wata takwas in yi ritaya, kuma da sunana nake so in fita. Abin da zan iya ba ka shi ne abin da zan faɗa wa duk wanda ya tsaya a tagata ya tambaya.

Hukuma ba ta sayen kaya a hannun mutum, a hannun takarda take saya. Ka je ka yi wa shagon rajista da sunansa da adireshinsa, ka buɗe masa asusun banki nasa na kansa, ka karɓo takardar shaidar biyan haraji. In sun haɗu, ka zo ka sayi fom a taga ta biyu, ka karɓi rasit. A cikin fom akwai awon bencin da irin katakon da ake so. Ka bi shi sak. In sun ce tsayi kaza, kada ka ƙara ko da faɗin farce don kana ganin ka fi su sanin bayan yaro. Za ka haɗa guda ɗaya na samfur ka kai sito, a manna masa lamba.

Farashi kuwa, kada ka karya shi don ka ci. Sai an kai kaya, an duba, mai sito ya sa hannu, sannan ake biya, kuma biyan yana da nawa. Ka rubuta abin da za ka iya ɗauka. Ka sa hannu a kowane shafi, ban da goge-goge. Ka zuba komai a ambulan, ka manne, ka buga hatimi, ka jefa a akwatin da ke bakin ofis kafin sha biyun ranar Alhamis, 9 ga Nuwamba. Na taɓa ganin ƙato ya zo sha biyu da minti uku yana hawaye. Akwati bai san hawaye ba.

A ranar ake buɗewa a gaban kowa. Shekara tara ke nan ni nake yanke ambulan ina miƙa wa shugaban kwamiti. Kada ka saka komai a ciki wanda ba a nema ba.

Lambar waya ba zan ba ka ba. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, ko tari na yi sai an ce mini sannu ta kusurwa uku. Kuma kada ka faɗa wa kowa kana da 'yar'uwa a nan.

Yayarka

*

Laraba, 27 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. An cire haƙori, gida ya yi shiru kwana biyu, yanzu baki ya dawo aiki.

Na karanta wasiƙarki sau uku ina neman inda kika ɓoye taimakon, ban gani ba. Duk da haka na bi. Rajista ta cinye mini mako biyu. A ofishin haraji an aike ni bene sau huɗu, a na biyar mutumin ya tafi cin abinci da makullin durowa. Jiya na zo na sayi fom. Na hango ƙofar ɗakinku, na kau da kai kamar yadda kika so.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Yau da hantsi wata jar mota ta tsaya a bakin shago. Wani mutum ya fito, ƙamshin turarensa ya danne na katako. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi sunana ba, kai tsaye ya wuce wurin bencin samfur da muka fara haɗawa. Ya shafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce wa Tsoho, “Baba, wannan haɗin ba ƙusa?” Tsoho ya ce haƙori ne da gam, irin na da. Sai ya juyo ya ce mini, “Maigida, nawa za ka rubuta musu?” Na ce ban yi lissafi ba tukuna. Ya yi dariya ya ce, “Kada ka wahalar da kanka. Aikin nan yana da masu shi. In na samu, zan ba ka guda hamsin ka yi mini.”

Yaya, jiya na sayi fom, yau mutum yana shagona. Shagon da ko mai kai wasiƙa sai ya yi tambaya uku kafin ya same shi. Wa ya gaya masa? A duk ofishin nan mutum ɗaya ne ya san ni, ya san inda nake.

Ba na ce ke ce ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kin hana ni lambarki, kin hana ni ambaton sunanki, kin ce kada in karya farashi, shi kuma ya zo yana cewa aiki yana da masu shi. In akwai wanda aka riga aka ajiye wa, ki faɗa mini gaskiya in daina sayen busasshen katako da kuɗin da ba ni da shi.

Ƙanenki,
Auta

*

Alhamis, 19 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu lafiya, sai Tsoho da ya ɗan yanke a yatsa, ya warke.

Mako uku ke nan. Direba ya rantse a hannun babbar 'yarki ya ba da wasiƙata, kuma sau biyu yana komawa ana ce masa babu saƙo.

Shekaranjiya na kawo samfur sito, ana yayyafi. Ina tsaye a ƙarƙashin rumfa ina jiran mai sito, sai ga jar motar nan ta shigo. Aka buɗe ƙofar gaba, kika fito kina dafa gwiwa. Mutumin har da zagayowa ya riƙe miki lema. Kika wuce ta gabana, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Kin gan ni, na ga kin gan ni. Ko ɗaga gira ba ki yi ba.

Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Matata ta ce biri ya yi kama da mutum, na ce ta yi shiru, amma ban sami abin da zan ƙaryata ta da shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. In bare ya yi mini haka sai in ce kasuwa ce. Babban yayana ya riga ya kawo wani mai sayar da tayoyi ya zagaya filin da ƙafa yana ƙirga taku.

Ki ce mini wani abu, ko da zagi ne.

Auta

*

Lahadi, 22 ga Oktoba

Auta,

Muna lafiya. Gwiwa ta kwantar da ni kwana tara, ba ka sani ba don ba ka tambayi direba ba, amsa kawai ka aike shi karɓowa. Sauran kwanakin kuwa fushi ne ya hana ni ɗaukar biro.

Zagi ka nema, ga shi: kai sakarai ne. Duk wanda ya sayi fom, a ranar ake liƙa sunan shagonsa da adireshinsa a allon sanarwa da ke bakin ƙofa. Doka ce. Ka wuce ta gaban allon sau biyu kana ta kau da kai daga ɗakina, ba ka ɗaga ido ka ga sunanka ba. Mai jar mota kullum sai ya karanta allon nan kafin ya karya kumallo, kuma duk sabon suna sai ya kai masa ziyara da maganar “aiki yana da masu shi”. Rabin mutane a nan suke ajiye fom.

Mota kuwa, mu huɗu ya kwaso daga tasha ana ruwa. Uku suna baya, ka ga dai ni da ke gaba saboda ƙafata ba ta lanƙwasuwa. Da na gaishe ka a gabansa, da yanzu labarin ya zagaye bene uku. Zato zunubi ne, Auta, ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar. Ranar Juma'a masinjanmu ya ajiye mini fayil ya ce, “Ashe kafintan nan na gida ne?” Na ce wane kafinta, ya yi murmushi ya fita. Daga ina ya ji? Ni ban faɗa ba. Na fara tunanin ko da gangan kake yaɗawa don a ji tsoron taɓa ambulan ɗinka. In haka ne, da sunana kake cinikin, ba da bencinka ba.

Daga yau kada ka sake aiko mini wasiƙa gida har a buɗe akwati. Direban ma kada in ƙara ganinsa a layinmu.

Yayarka

*

Laraba, 8 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Gaisuwa da ban haƙuri. Yaya gwiwa? Ban san ta kwantar da ke ba, wallahi da na sani da na zo ko da kora za ki yi. Tsoho ya ce ki daina zama a kujera mai tsawo ƙafa na lilo, ki sa ɗan katako a ƙarƙashi. Zan yanko miki mai kyau.

Kin hana ni aikowa gida, na bi. Amma ba zan iya aiko ambulan har hannunki in bar shi ba gaisuwa ba, ba haka aka rene mu ba. Tunda ke ce mai yankewa, za ki ga sunanki a sama, sai ki zare ki sa a jaka, ki karanta in kin huta.

Yau da na zo na duba allon, ga sunan shagon Baba nan ɓaro-ɓaro. Kunya ta kama ni. Ki yafe mini. Zancen dangantaka kuwa ban faɗa wa kowa ba, sai matata da Tsoho da direba. Direba abokin masinjanku ne ashe.

Na bi duk abin da kika koya mini, ban bar ko ɗaya ba. Ba zan tsaya gobe ba, kada fuskata ta takura ki. Na san da ke a wurin ba zan ji kunya ba.

Ƙanenki mai nauyi,
Auta

*

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Auta,

Lafiyar jiki akwai. Ta zuciya ba zan yi maka ƙarya ba.

Ba ni na yanke ambulan jiya ba. Tun ranar da sunanka ya hau allo na rubuta wa shugaban sashenmu cewa akwai ɗan'uwana a cikin masu nema, na janye daga kwamiti. A bayan zaure nake zaune tare da masu kallo, mutum wajen talatin. Wani saurayin akawu ne ya riƙe wuƙar, shi kuwa duk abin da ya fito daga ambulan miƙawa yake, kuma doka ta ce duk takardar da ta fito sai an karanta ta a fili.

Ku goma sha ɗaya ne. Kafin a taɓa akwati aka jera samfura a tsakar zaure, lamba kawai, ba suna. Shugaban kwamiti mutum ne mai jiki, kuma yana da al'adar hawa kan benci ya yi tsalle sau biyu. Uku sun yi ƙara, ɗaya ya zube da shi har hularsa ta faɗi. Da ya hau lamba bakwai, ko motsi. Ya sauko ya leƙa ƙarƙashi ya ce, “Wannan wa ya koya masa?” Ni na gane haɗin Baba tun daga inda nake. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Aka zo ambulan na bakwai. Rajista daidai. Haraji daidai. Sa hannu a kowane shafi. Aka karanta farashinka, a cikin waɗanda bencinsu bai yi ƙara ba babu wanda ya kai ka sauƙi. Na ga mai jar mota ya cire tabarau yana gogewa. Auta, aikin nan a hannunka yake.

Sai saurayin ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai saura.” Ya miƙa 'yar takarda a ninke huɗu. Shugaba ya gyara murya ya fara: “Zuwa ga Yayata ta kaina. Yaya gwiwa?” Aka kwashe da dariya. A duk ginin nan gwiwa ɗaya ce aka sani, kowa ya waiwayo. Ya ci gaba har ya kai “sai ki zare ki sa a jaka”, dariya ta fara raguwa. Da ya kai “na bi duk abin da kika koya mini” da “da ke a wurin ba zan ji kunya ba”, babu mai dariya kuma. Mai jar mota ya miƙe ya ce, “A rubuta cewa mun ji.” Aka rubuta.

An soke ambulan ɗinka nan take. Ni kuma an ba ni takardar neman bayani, zan tsaya gaban kwamitin bincike ranar 23. Suna so su san me na koya maka, da abin da na yi maka alkawari.

Na ce kada ka saka abin da ba a nema ba. Wa ya nemi gaisuwa? Garin neman gira ka tsone mana ido mu biyu.

Wasiƙuna biyu suna hannunka. In ba ka hura wuta da su ba, ka aiko mini da su yadda suke. Naka da ka zarge ni a ciki suna nan na ajiye, yanzu su ne shaidata.

Yayarka

*

Talata, 14 ga Nuwamba

Yaya,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba, tunda gaisuwar ce ta kashe mu. Duk da haka ina gaisuwa. Ina fatan kina samun barci da abinci.

Ga wasiƙun nan biyu. Ta biyun a aljihuna take. Ta farkon ta ba ni wahala, mun birkice shago tun safe, ashe tana tsire a ƙusar da ke jikin ginshiƙi tare da rasitan katako. Na yi lissafin awo a bayanta, gam kuma ya ɗiga a gefe, amma inda kika ce ba za ki saka mini baki ba yana nan tas. Sau uku na karanta layin nan da farko ina jin haushinsa. Yau na karanta ina godiya.

In suna so in zo in tsaya in faɗi cewa wautata ce, zan zo. Ni a tunanina gaisuwa ba kaya ba ce. Tun muna yara, ko kwano aka aike ka mayarwa sai ka ce ana gaishe ku. Ban taɓa zaton akwai wurin da ake hukunta mutum a kanta ba.

Na faɗa wa Tsoho zancen lamba bakwai da tsallen shugaba. Ya tashi ya shiga bayan tarin katako ya daɗe. Yayyena sun ji labari kafin in kai musu. Ba su jira ƙarshen shekara ba, kuma ba ni da bakin hana su. Mai tayoyi zai karɓi fili ranar ɗaya ga wata. Teburin aikin Baba kaɗai na ce ba ya cikin ciniki, zan kai shi rumfar ƙofar gidana.

Mai jar mota ya dawo jiya da maganar guda hamsin, ya ce shi zai kawo katako. Na taɓa wanda ke bayan motarsa, ɗanye ne sharaf. Na ce ya gaida gida.

Ni na jawo wa kaina, na haƙura. Naki ne ba zan iya haƙura da shi ba.

Auta

*

Lahadi, 3 ga Disamba

Auta,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ka gaida matarka da Tsoho. Yaya zaman rumfa?

An wanke ni. Sun karanta takardar janyewata, sun karanta wasiƙun duka. Da aka zo inda na ce maka sakarai, shugabar binciken ta ce, “Wannan ba muryar masu haɗa baki ba ce.” Sun juya bayan takarda sun ga lissafinka, ɗaya ya tambaya ko lambobin sirri ne. An dai ɗauke ni daga saye-saye an kai ni ɗakin tsofaffin fayiloli in ƙarasa watannina. Ba bene, gwiwa ta gode.

Akwai laifin da ban faɗa maka ba, nawa ne. Na gaya maka ni ke yanke ambulan, na janye kuma ban gaya maka ba, don ina zarginka da yawo da sunana. Kai kana zargina, ni ina zarginka, mai jar mota yana karanta allo. Da layi ɗaya na rubuta maka, da shagon Baba yana nan. Wannan ya tsaya mini a rai, ka yafe mini.

Yanzu ka saurara. Takardunka ba su mutu ba, shekara guda suke yi. Gobe ka je ka sauya adireshi a rajista, ka sa na gidanka. Ƙananan ayyuka kamar gyara ba sa bi ta akwatinmu, kowace makaranta ita ke karɓar farashin mutum uku ta zaɓa. Ka zagaya da kwafin takardunka ka sa a rubuta sunanka a ofishin kowace. Benci ɗari uku na ɗanyen katako suna nan tafe, kafin zango ya ƙare wani ne zai gyara su. In ka kai ambulan, kada ka gaida kowa a ciki, ko da uwar hedimasta ce ba ta da lafiya.

Saura abu ɗaya. Wasiƙar nan taka ta cikin ambulan ba a ba ni ba. An huda ta an ɗaure a fayil, an buga mata lamba, ko taɓa ta ban yi ba. Shekara ashirin da bakwai ina ɗingishi a ginin nan, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi gwiwata, sai da shugaban kwamiti ya karanto tambayarka a gaban mutum talatin. Suna dariya, ni kuwa hawaye nake ɓoyewa.

Ka sake rubuto mini ita yadda take, ka ba direba ya kawo gida. Ka haɗo da ɗan katakon da ka ce za ka yanko. Lambata tana bayan takardar nan.

Yayarka